Ranar da Kwamfutar Malama Ta Ƙi Tashi

Saura kwana tara jirgin maniyyata ya ɗaga da su, Malama Bara'atu ta jawo wa kanta aikin da babu wanda ya sa ta. Ta gama ɗinkuna, an yi mata allurai, ta bi gidajen dangi da maƙwabta a Bungudu tana neman gafara, har da waɗanda su ne ya kamata su nemi tata. Abu ɗaya ya rage mata. Tana so ta fitar da rubuce-rubucen da ke cikin kwamfutarta a kan takarda, ta zuba a ambulan ta liƙe, ta rubuta a bayansa cewa kada a buɗe sai in ba ta dawo ba.

Kwamfutar wata baƙar laftof ce mai nauyi, an ba ta ita a wani taron bita kafin ta yi ritaya daga shugabancin makarantar firamare. Da yatsu biyu take bugawa, amma ba ta gajiya. Abin da ke ciki wasiƙu ne, sun fi ɗari, kuma duka na mutum ɗaya ne, ɗanta na fari Munzali, wanda yau shekara talatin da takwas da haihuwarsa bakinta bai taɓa furta sunansa ba.

Ba ƙi ba ne, kunyar ɗan fari ce, irin wadda aka taso aka tarar. 'Yan matan yanzu da ke rungumar ɗan fari a gaban surukai suna kiransa da sunaye kala-kala ba za su gane ba, kuma ni ban ga laifinsu ba. A zamanin su Malama, ranar da aka yaye yaron mahaifiyarta ta zo ta goya shi ta wuce da shi Tsafe. Can ya yi wayo, can ya yi karatu, can ya yi aure. Kakar yake kira Inna, ita kuwa yana ce mata Malama kamar yadda kowa ke cewa. In magana ta zama dole, sai ta ce "ɗan Inna", ko ta ce wa ƙannensa "yayanku".

Muddin Inna na da rai abin bai tsaya mata a rai ba, don tana da hanya. Rigar sallah, takalmi, littattafai, man shafawa, duk ta hannun Inna suke bi su isa gare shi a matsayin kyautar kaka. Labarinsa ma a bakin Inna take ji, tana tsintar shinkafa kamar ba saurare take ba. Da Inna ta rasu shekara uku da suka wuce, hanyar ta toshe. Sai gaisuwar waya ranar Juma'a, ina wuni, lafiya lau, ya iyali, kafin minti ɗaya kowa ya ajiye. A lokacin ne ta fara rubutun. Duk ranar da abin ya taso mata, bayan walaha sai ta buɗe kwamfutar, ta buga sunan a saman shafi, sannan ta faɗa masa abin da ta kasa faɗa tun yana goye. Ta tara su a folda ɗaya ta sa mata suna Jarrabawar Aji Shida, don ta san ko jikokinta sun yi mata bincike babu mai marmarin buɗe jarrabawa.

Da tana so, da ta kai shagon buga takardu an fitar mata cikin awa ɗaya. Amma ta san masu shagon, idonsu ya fi hannunsu sauri, kuma rabinsu ɗalibanta ne. Sai ta aika gidan maƙwabcinta Malam Yusha'u, tsohon akawun ƙaramar hukuma, aka aro mata firintarsa da ta shekara goma a kwali. Ya haɗo mata da faifai da kuma nasiha ta bakin matarsa: ta saka faifan, duk abin da kwamfutar ta tambaye ta, ta ce mata i.

Haka kuwa ta yi. Ko da wani rubutu ya fito da jan layi yana gargaɗin cewa wannan manhajar ba ta dace da kwamfutar ba, Malama ta karanta shi tsaf, ta fahimta, sannan ta danna i, saboda an ce ta ce i. Matar da ta yi shekara talatin tana hana yara haddar da babu fahimta. Kwamfutar ta nemi a bar ta ta mutu ta sake tashi, ta bar ta. Ta mutu, ta kawo haske, ɗigogi suka yi ta zagaye, sai fuskar ta koma shuɗiya da wasu rubuce-rubuce, ta sake mutuwa. Ta kuma kawo haske, ta kuma mutuwa, kamar mai jin atishawa ta ƙi fita.

Ta zare wayar firintar, ba ta canza ba. Ta ciro faifan ta goge shi da gefen zane ta mayar. Ta cire batir, ta lulluɓe kwamfutar da ɗankwali ta ba ta hutu har la'asar, ta yi bismilla ta kunna, shiru sai shuɗin nan. A nan ne tsoro ya kama ta sosai. Ba za ta iya sake rubuta su cikin kwana tara ba, ko da wata tara ne ma. Wasu ta rubuta su tana kuka, ba ta ma tuna me ta ce. In suka tafi, in kuma ita ta tafi ba ta dawo ba, yaron nan zai ƙare rayuwarsa yana zaton haihuwarsa kawai ta yi.

Washegari da sassafe ta shiga mota zuwa Gusau, gidan autarta Husna. Husna ta raka ta layin masu gyara a Tudun Wada, wurin wani Mas'udu da ake yabo. Ya kunna, ya kalli shuɗin sau biyu, ya taɓe baki.

"Hajiya, wanga sai fomat."

"Ban zama Hajiya ba tukuna. Mi ne ne fomat?"

"A share komi, a zuba mata sabo. Kahin azahar kin karɓa."

"Abin da ke ciki hwa?"

"Shi kam ya tahi."

Malama ta rufe murfin da sauri har ya kusa datse masa yatsa. Da ya ga fuskarta sai ya sassauta, ya ce gaskiya akan iya ceto kayan, amma aiki ne na mai haƙuri, shi kuma mutane sun yi masa yawa. "In da za ki iya zuwa Tsafe, akwai wani Munzali. Mu ma in abu ya gagare mu, can muka aikawa."

Husna ta tuntsire da dariya har tana riƙe ƙofa. Malama ba ta yi dariya ba. Ta sunkuyar da kai tana gyara mayafin da babu abin da ya same shi, don wani daɗi ne ya cika mata ƙirji, kuma ba ta so a gani.

A waje Husna ta ce, "Umma, tun jiya da kin kira Yaya ai da an gama. Ba ni ita in aika mishi."

"Ba a aika ta."

"To in kira shi ya zo."

"Kada ki taso mutum daga sana'arsa."

Ta tsaya a bakin titi rungume da jakar. Hanya biyu ce kawai a gabanta, kuma kowace ba ta mata daɗi. Ko ta yarda wasiƙun su salwanta, ko ta kai su hannun mutum ɗaya tak da bai kamata ya gan su tana raye ba. Ta yanke cewa za ta je da kanta, ta zauna kusa da shi ta tsare, ya gyara bai buɗe komai ba. Ta ce wa Husna ta koma gida, ita ta san hanyar Tsafe tun kafin a haife ta.

Hanyar ta sani, shagon ne ba ta taɓa takawa ba. A tashar Tsafe ta tare ɗan kabu-kabu ta ce ya kai ta wurin mai gyaran kwamfuta.

"Wanne, Inna? Biyu ne. Akwai Lukuman, akwai Munzali."

"Na biyun," in ji Malama.

Shagon ƙarami ne, a share tas, da kanta biyu cike da kwamfutoci, kowace an manna mata takarda da sunan mai ita. Munzali na sunkuye a kan wata da ya buɗe cikinta. Da ya ɗago ya ga wadda ta yi sallama, sai ya miƙe har kujerar ta faɗi, ya zagayo ya durƙusa.

"Malama. Lahiya dai? Wani abu ya samu su Husna?"

"Kowa lahiya." Ta miƙa jakar tana kallon kantar kwamfutocin. "Abin ga ne ya ƙi tashi."

Ya goge mata benci da hannun rigarsa, ya juya fanka ta fuskance ta. Ta gefen ido ta ga furfura biyu ko uku a gemunsa, abin ya ba ta mamaki, ya kuma ba ta tausayi. Yaushe ya kai nan, ita tana ina?

Ya kunna, ya bar ta ta yi shuɗinta sau ɗaya, ya karanta rubutun ƙasa. Sannan ya tambaya a hankali mene ne abu na ƙarshe da aka yi mata kafin ta fara haka. Malama ta ba da labarin firinta da faifai da nasihar Malam Yusha'u, ba ta ɓoye jan layin ba. Ya karɓi faifan ya juya shi, gefen bakinsa ya motsa, amma ya danne.

"Faifan ga ya girmi kwamfutar nesa. Abin da ya zuba mata ne take tuntuɓe da shi duk sanda ta zo tashi. Ita kanta lahiyarta lau."

"Can Gusau an ce sai an share komi."

"Ba a share komi ba, in sha Allahu. Amma kahin in taɓa ta, bari in kwashe kayanki in aje gehe, ko da wani abu."

Ya zaro wani filashi daga aljihun gaba ya soka, ya tayar da kwamfutar ta cikinsa, ba ta hanyar da ta saba ba. Sai ga fuska ta buɗe, baƙuwa, amma ga foldodinta a jere. Malama ta matso har gwiwarta na taɓa teburin. Hotunan bikin Husna, takardun fansho, sai kibiyar kwamfutar ta sauka a kan wadda take tsoro.

"Har yanzu kina aje jarrabawa, Malama?"

"Ana aje su."

Ya ja ta gaba ɗaya ya jefa cikin wata 'yar baƙar ma'ajiya da ya jona, wani koren layi ya fara tafiya. Bai buɗe ba. Ya ce kwafin zai ɗan ɗauki lokaci, ya fita da kansa ya tsallaka titi, ya dawo da fura a kwanon sha da ludayi.

"Ba a sa sukari ba. Inna tac ce ba ki so."

Ta karɓa. Ashe ba ita kaɗai ke tsintar labari a bakin Inna ba. Ta sha furar a hankali.

Da kwafin ya ƙare ya zare filashin ya koma kan gyaran. Ya kunna, tana fara kawo haske ya danne maɓallin har ta mutu. Ya sake, ya kuma sake. Malama ta kasa haƙuri.

"Haka ake gyaran? Ai ni ma na yi wannan."

"Da gangan ne. In anka katse ta sau uku, sai ta gane ba lahiya, ta buɗe ƙohar neman taimako."

Ta buɗe kuwa. Ya fara ba ta dama ta gyara kanta, ta yi ta juyi kusan minti ashirin sannan ta ce ta kasa. Malama ta ajiye ludayin. Shi ko a jikinsa, ya ce dama gwaji ne. Ya bi wasu zaɓuɓɓuka ya tayar da ita a abin da ya kira sef mod, inda take tashi ita kaɗai ba tare da kayan da aka ɗora mata daga baya ba. Fuskar ta fito da manyan rubutu da baƙin bango, ba kyau, amma ta tashi. Ya nemo manhajar firintar ya cire, ya bi wani wuri ya ciro ragowarta, yana cizon leɓen ƙasa. Haka ita ma take yi in tana duba takardun yara, kuma babu wanda ya koya masa.

"To, bismilla," ya ce, ya sa ta ta sake tashi.

Haske, sai ɗigogin nan masu zagaye. Suka zuba musu ido su biyun, kafaɗa kusa da kafaɗa, kusancin da ba su taɓa yi ba tun yana yaro. Ɗigogin suka ɓace. Sai ga fuskarta da ta sani, da hoton ginin makarantarta, da komai a inda ta bar shi.

"Alhamdu lillahi," in ji Malama.

"Komi na nan," ya ce yana naɗe wayoyi. "Kuma ki kwantar da hankalinki, ban buɗe ko ɗaya ba. Mu ba mu buɗe kayan mutane."

Abin da ta taso tun daga Bungudu tana roƙon Allah a kansa ke nan, an kuma ba ta shi cif. Amma maganar ta soke ta. Kayan mutane. Gaskiya ya faɗa, kuma tarbiyyar Inna ce, ita dai ta ji zafin kasancewa cikin mutanen. Ta zauna tana kallon foldar, sai dabarar ambulan ɗin nan ta fito mata a yadda take. In ta mutu a can, zai karanta shi kaɗai, babu wadda zai juya ya tambaya. In ta dawo lafiya, ambulan ya koma ƙasan akwati ya jira wasu shekarun, su ci gaba da gaisuwar Juma'a. Ta ga cewa duk tsarin nan ta yi shi ne don kada ta kasance a wurin, kuma ta ji kunyar da ta fi wadda ta saba.

Ya ce in bugawa take so ga firinta nan, yanzu ya fitar mata. Ta ce a'a. Ya ce ta biya gida ta ga yara, ta ce ta gan su ranar da suka zo mata sallama, kuma hanyar ba ta yamma ba ce. Bai ja ba. Ya saka kwamfutar a jaka, ya rufe shago, ya rataya jakar ya raka ta tasha a ƙasa, yana gaba da taki biyu tana biye.

Motar Gusau saura mutum ɗaya. Ya buɗe mata ƙofa ya miƙo jakar, sai ta ƙi karɓa.

"Ka aje ta wurinka. Gidan ba kowa in na tahi."

"To, Malama."

"Kuma ni ban gama yarda da gyaran ga ba." Tana magana tana kallon tayar motar. "Ka ce komi na nan, alhali ba ka buɗe ba. Ta ina ka sani? Jarrabawar nan, ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya ka karanta, ka ga in babu wadda ta lalace."

Ya yi murmushi. "Jarrabawar aji shida zan zauna in karanta?"

"Yau nika so ka hwara. Kada ka jira sai na tahi."

Ta shige mota ta ja ƙofar da kanta. Ba ta waiwaya ba, don ta san in ta waiwaya za ta sauko ta ƙwace jakar.

Tafiya ta miƙa. Gonaki an yi sharar su ana jiran ruwa, direba na ta hira da na gaba a kan tsadar taki. Malama ta ɗora hannuwa a cinya, babu abin riƙewa, sai ta rasa yadda za ta yi da su. Sau biyu ta ciro waya za ta kira ta ce ya bari, wasa take yi, sau biyu ta mayar. Dutsen Kwatarkwashi ya fara bayyana ke nan wayar ta yi ƙara a hannunta.

Ta ɗauka. Sai ta ji ƙarar fankar shago da numfashinsa.

"Malama."

"Na'am."

"Na hwara karantawa. Lokacin da na yi ƙyanda, ina shekara shida, da idanuna sunka liƙe kwana uku ban gani." Ya ci gaba. "Wadda ta riƙa ɗora ni a cinya tana ba ni koko, ba ta magana. Ni duk shekarun ga na ɗauka Inna ce. Har na taɓa tambayarta mi ya hana ta magana, tac ce azumin baki take."

Malama ta rufe ido. Kwana ukun nan su ne kaɗai ta taɓa riƙe shi yadda take so, saboda ba ya ganinta.

"Ni ce," ta ce. Iska na shigowa ta taga, sai ta ji kamar bai ji ba, ta ɗaga murya kaɗan. "Ni ce."

Minti ɗaya ya wuce, babu wanda ya ajiye.

"Ki je ki dawo hwa," ya ce daga baya. "Ina da tambayoyi da yawa."

"In sha Allahu. Ka tara su."

Da ta sauke wayar hawaye sun riga sun jiƙa mata mayafi, ba ta ma yi ƙoƙarin ɓoyewa ba. Matar da ke gefenta, wata mai buhun gyaɗa a ƙafa, ta dube ta da tausayi ta dafa mata hannu.

"Baiwar Allah, haƙuri. Rasuwa anka yi?"

Malama ta girgiza kai, ta share fuska da gefen mayafi.

"A'a," ta ce. "Ɗana ne ya kira ni."